Abin da Babur Mai Ƙafa Huɗu Ke Sha

Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa aikin lagireto ba aiki ba ne, wai ka buɗe murfi ka tuttula ruwa ka rufe, shi ke nan. Ban ji haushi ba. Direbobin da suka haife ku ma haka suke ɗauka, shi ya sa har yau ban rasa abin yi a rumfar nan ba. Ku jawo bencin can cikin inuwa, in ba ku labarin wani inji da ya mayar da ni ɗan koyo bayan na yi furfura.

Ni a Kano na koyi sana'ar nan, wajen wani dattijo da muke kira Baba Tanko, a bayan wata tashar manyan motoci. Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai tukunyar kabaid mai ba da wuta, da dalmar liƙi, da burushin waya, da wasu siraran ƙarafa masu faɗi da ake zura wa cikin bututun lagireto a turo datti, sai rabin duro cike da ruwa. Wannan duron shi ne makarantata ta farko. A toshe bakin lagireto, a hura masa iska da famfon keke, a nutsa shi, ni kuwa in tsuguna ina neman inda kumfa za ta fito. Na daɗe ina wannan tsugunno kafin ya bar ni na riƙe wuta.

Abin da ya fi damuwa da shi shi ne ruwan da ke fitowa daga mota. Duk motar da aka kawo sai ya sa na tari ruwanta a kwano na kai masa. Ya duba, ya sansana, ya murza tsakanin yatsu.

"Iliya, kafin ka tambayi direba, tambayi ruwan," in ji shi. "Direba yana jin kunya, ruwa ba ya ji."

Akwai wata motar gyaɗa da aka jawo mana daga wajen Minjibir. Direban ya rantse bai zuba mata komai ba sai ruwan rijiya. Da na tara, sai ga abu yana zuba yana yauƙi, kore shar, yana ƙarni. Baba Tanko ya leƙa kwanon ya ce da direban, "To, saura daddawa da gishiri." Ashe lagireton ya ɗan tsage a hanya, mutumin ya zuba garin kuka ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki don ya toshe. Ya kuwa toshe, har da inda ba a so. Kowane bututu sai da na zura masa ƙarfe.

Da na samu 'yanci na dawo gida Bagwai na kafa wannan rumfar. Noman rani a madatsar ruwan Watari ya riƙe ni shekaru. Taraktoci, da a-kori-kura masu ɗibar tumatir da albasa, da injinan casar shinkafa, duk da ruwa suke sanyaya kansu, kuma duk suna zuwa. A lokacin lagireto na jan ƙarfe ne, in ya fashe ka liƙe, ya koma aiki. Sai aka fara kawo motoci masu lagireton alminiyam mai kan roba, wanda dalma ba ta kama shi. Ana cikin haka kuma aka yi shekarar da tsutsar nan ta shiga tumatir. Ka je gona da safe ka ga ganye kore, ka koma ka tarar kamar an babbake. Motocin ɗiba suka daina shigowa. Na yi makonni tukunyar kabaid ɗina ba ta ga wuta ba, har na koma liƙin butoci da bokitan mata.

A shekarar da ta biyo baya ne aka kawo mini injin da nake ba ku labari. A kan amalanken shanu aka kawo shi, yara na biye suna dariya. Babur ne, don da hannun babur ake tuƙa shi, amma ƙafarsa huɗu, tayoyi gajeru masu faɗi da manyan haƙora. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a hoto. Mutanen gari sun riga sun raɗa masa suna Kwaɗo.

Mai shi Hajiya Gambo ce. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da gonarsu ta rani, kuma gonar tana can ciki, inda hanya ta matse tsakanin magudanan ruwa, kullum a jiƙe. Mota ba ta shiga. Da amalanke ake fito da kaya bakin titi, kafin a iso rabin tumatirin ya mutsuke. Tsutsa ta kwashe mata na bara kaf, sai ta tattara abin da ya rage ta sake shukawa, ɗanta da ke aiki a Ikko kuma ya aiko mata da wannan babur na hannu, aka haɗa masa 'yar tirela. Mai tuƙa shi Sabo ne, ƙanin marigayi mijinta, wanda ya daɗe yana acaɓa.

Hajiya ta iso a bayan amalanken, ta gaishe ni ta zauna a kan bencin nan da kuke kai.

"Malam Iliya, tumatir ya nuna, abin nan kuma ya tsaya a hanyar gona yana tururi kamar tukunyar dambu. An ce mini in maganar zafi ce kai za a kawo wa."

"Hajiya, ban taɓa buɗe irinsa ba," na ce mata. "Amma in da ruwa yake sha, za mu fahimci juna."

Na bar shi ya huce sarai, don ba a buɗe murfin lagireto da zafi, na ga wanda fatar fuskarsa ta saɓule a kan haka. Sannan na kwance robobin gaba. Lagireton ɗan ƙarami ne, bai fi faifai ba, an ɓoye shi can ƙasa tsakanin tayoyin gaba, da 'yar fankar lantarki a bayansa. Laka ta shafe shi ta bushe kamar an yi yaɓe. Na kankare jikin injin da wuƙa na ga fari, alminiyam ne duka. Da na sassauta tiyon ƙasa na tara kwano, abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani abu ne ruwan ƙasa mai kauri, kamar kunun da ya kwana, da ɗan tsakitsaki fari a ciki. A ƙarƙashin famfon ruwa kuma akwai wani ɗan rami da yake ɗiga, alamar robar da ke tare ruwa a ciki ta cinye.

Na miƙa wa Sabo kwanon. "Me ka ba shi?"

Sabo ya sosa ƙeya. Ya ce da aka kawo shi ruwan ciki ja ne. Da ya ga ya ragu, wani abokinsa direban babbar mota ya ɗibar masa kore daga nasa galan. Da wannan ya ƙare ya sayi wani koren a kasuwa, mai araha. Daga baya ya koma ruwan rijiyar gida, in kuma yana gona ya kamfato na magudana.

"Ai Malam, babur ɗina na da iska yake sha," in ji shi. "Ni ban saba da mai jin ƙishirwa ba."

Wanke shi ba zai gagare ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na wanke, me zan zuba? Manyan motocin da na saba da su injinsu baƙin ƙarfe ne, ruwansu bokiti-bokiti, suna gudu a titi iska tana dukansu. Wannan kuwa ruwansa bai cika buta ba, tafiyarsa a hankali cikin taɓo da kaya a baya, iska ba ta samunsa sai abin da fanka ta ba shi. Kuskuren da babbar mota za ta shanye shekara guda, shi a wata ɗaya zai kwantar da shi. Kuma ina so in san abin da ya mayar da ruwan kunu, don in ban sani ba zan iya maimaitawa da hannuna.

Hajiya ta ce, "Ba za a zuba masa ruwa haka nan ya lallaɓa ya fito mini da wannan ɗibar ba? Dillalai sun ce ranar kasuwa motarsu za ta tsaya a bakin titi."

"Zai iya fito da ita," na ce. "Zai kuma iya ƙone kan injin a sawu na biyu, tunda famfon yana zubarwa. In ya ƙone, ban san inda za a samo wani a ƙasar nan ba."

Ta dubi babur ɗin. Ɗiba ɗaya ce a gabanta, amma akwai wasu da yawa a baya har zafi ya shigo sosai.

"Sabo, je ka ce wa mai shanu kada ya kwance amalankensa," in ji ta. "Wannan ɗibar mu yi ta yadda muka saba. Malam Iliya, ka bi shi a hankali. Zan turo maka Hauwa, ita ta iya karatun jikin kaya."

Hauwa 'yarta ce, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Da la'asar ta zo, ta duba sunan injin ta nema a wayarta, ta samo bayanin waɗanda suka ƙera shi. Ta ce sun ce a zuba ruwan sanyaya inji wanda aka yi domin alminiyam, wanda babu wani sinadari da ake kira silikat a ciki, kuma a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa.

"Mene ne silikat ɗin?"

"Ɗan'uwan yashi ne, Baba. Ana sa shi a wasu don ya kare ƙarfe, amma a ƙananan injina irin wannan yana goge robar famfo."

Na tuna ramin da ke ɗiga, na gyaɗa kai. Sai na yi mata tambayar da ta daɗe a raina tun ina wajen Baba Tanko. An ce wannan ruwan don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, kada ruwa ya daskare a cikin inji. To mu nan Bagwai me ya haɗa mu da shi? Ta yi dariya ta ce wannan ɗaya ne daga cikin ayyukansa. Yana sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa, yana kuma hana ƙarfe ciwuwa daga ciki. Ta ce ruwan rijiya yana da gishirin ƙasa, shi ne farin abin da ke kamawa a gindin butar shayi, kuma haka yake kamawa a bututun lagireto.

"To ja zan nema ko kore?" na tambaye ta.

"Launin rini ne kawai, Baba. Kowane kamfani da wanda yake zubawa. Za ka iya samun ja biyu da ba iri ɗaya ba ne."

Wannan ta ɗaure mini kai, don duk garejin da na sani da launi ake saye. Ita ma sai ta juyo da tata tambayar. Ta ce tunda abin yana da amfani haka, me ya sa ba za a zuba shi zalla ba, a huta da neman ruwa? Na ce mata na taɓa ganin wani mai tarakta da ya yi haka don gata, injin ya riƙa zafi fiye da da, sai da muka sirka ya dawo daidai, amma ban san dalili ba. Ta sake dubawa ta ce haka ne, ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi ya kai waje, shi kuma yana kare ruwan ne da ƙarfen. Kowa da aikinsa.

Wayar ba ta gaya mana abin da ke cikin galan ɗin kasuwarmu ba, wannan sai da muka bincika da kanmu. Na sa Sabo ya kawo ragowar koren nan biyu. Ina da sauran wani ja mai kyau da wani mai ƙaramar mota ya bari. Na samo gwangwanayen madara, na hura gawayi a waje inda iska ke kaɗawa, muka jera su a kai. Koren kasuwa ya tafasa nan da nan, ya ƙafe ƙaf, bai bar komai ba sai tabon rini a gindin gwangwani. Ruwa ne da launi. Na direban babbar mota kuwa da ruwansa ya tafi sai ya bar wani abu mai santsi kamar mai, yana ƙanshin zaƙi. Na gaskiya ne, sai dai ba na wannan injin ba. A gwangwani na ƙarshe na haɗa shi da jan, na ƙara ruwan rijiya. Da ya sha wuta ya huce sai ya dushe, wani gari-gari ya kwanta a ƙasa. Ban ce kowane ja da kowane kore haka suke yi ba, amma waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna, mun gani da idonmu. Hauwa ta tsuguna tana ta leƙen gwangwanin, ta ce sai ta nuna wa ɗalibanta.

Washegari na cire robar famfon na sa a aljihu na shiga Kano. A kasuwar Ƙofar Ruwa na yi ta zagaye kafin na samu wadda ta yi daidai, a wajen masu kayan manyan babura. Ruwan kuwa shago ɗaya na tarar da shi kala-kala a jere, ja, kore, shuɗi, har da ruwan hoda. Mai shagon ya ce, "Baba, wane launi?" Na ce ba launi na zo saye ba. Na kira Hauwa na ba shi wayar, ya riƙa juya galan yana karanta mata bayansu ɗaya bayan ɗaya. Da farko yana ƙosawa, daga baya shi ma abin ya fara ba shi sha'awa, har ya shiga ciki ya fito da wasu da bai jera ba. Muka samu biyu da suka cika sharaɗi. Ɗaya mai kauri ne, sai an sirka. Ɗayan an riga an sirka shi daga kamfani.

Mai kaurin ya fi auki, kuma da ni zan riƙa zubawa shi zan ɗauka, in sirka da ruwan batir, wato tataccen nan marar asid. Amma na tuna Sabo a tsakiyar gona, rana ta take, magudana na gudu a gefensa. Wanda zai sirka da abin da hannunsa ya kai gare shi, gara ka ba shi wanda ba ya bukatar sirki. Na ɗauki na biyun. A sana'ar nan ana duba inji, ana kuma duba mai hawansa.

Da na dawo sai da na ɗiga kaɗan a gwangwani na ɗora a wuta tukuna, ya bar santsin nan, sannan na yarda da shi. Na sa sabuwar roba a famfo. Na wanke cikin injin da ruwan batir, in tayar ya ɗumama, in zubar, in sake, har ya fito garau. Lakar lagireton kuwa ta bayansa na kore ta zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, na bi 'yan fukafukan da suka lanƙwashe na miƙe su da bakin wuƙa. Wajen zuba sabon ruwan, muka tura ƙafafun gaba kan tudun ƙasa don iskar da ta maƙale a ciki ta taso sama, ina zubawa kaɗan-kaɗan ina matsa tiyo, har kumfa ta daina fitowa.

Tsohon ruwan yana cikin wani baho a gefe. Sabo ya ɗauka zai watsar a bakin hanya, sai ga akuyar maƙwabcina ta miƙo wuya tana sansanawa. Hauwa ta riga ta gaya mini zaƙinsa ne ke jan dabbobi da ƙananan yara, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Na kori akuyar, muka juye a tsohon galan muka toshe. Tun daga ranar ba a zubar da ruwan lagireto a ƙasa a rumfar nan, kun dai ga duron da na ajiye.

Ɗibar farko da aka yi da amalanke, kusan sulusinta ya lalace kafin bakin titi, dillalai suka ture shi gefe. Ranar ɗiba ta biyu Hajiya ta aiko in zo gona in gani. Na tarar an cika tirela da kwanduna, rana ta fara zafi. Sabo ya hau, ya ce in hau bayansa. Muka kama hanyar nan mai taɓo, injin yana gurnani, tayoyi suna watsa laka, ni kuwa kunnena yana gaba. A daidai inda Sabo ya ce ya mutu wancan karon, kusa da wata bishiyar mangwaro, na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya, kada ya kashe.

"Lafiya, Malam?"

"Yi shiru tukuna."

Muka tsaya injin na aiki. Can sai fankar ta tashi, na ji iska mai zafi tana dukan ƙafata. Abin da nake jira ke nan, amma rabinsa ne. In fanka ta tashi ta ƙi tsayawa, to zafi ya fi ƙarfinta ke nan. Na leƙa ƙarƙashin famfo, a bushe. Hajiya ta taho a ƙafa ta iske mu, ta tsaya a gefena. Jim kaɗan sai fankar ta yi shiru da kanta.

"Mu tafi," na ce da Sabo.

Hajiya ta ce, "Me ka ji?"

"Ya sha ya ƙoshi, Hajiya."

Har aka gama tumatirin shekarar bai sake tsayawa ba, kuma da damina ta sauka shi ya riƙa kai taki gonar geronta. Sabo ya koyi wanke lakar duk yamma. Kafin kowane noman rani yakan kawo shi in duba ruwan, in ya fara dushewa mu zubar mu sake, da irin wancan dai, ba a haɗa masa da wani.

Yanzu ga a-kori-kurar can ta tsaya, kun ga tururi na fita ta gabanta. Kai mai cewa tuttulawa ce kawai, tashi ka ɗauki kwano. Ka bar ta ta huce, kada ka taɓa murfin, sannan ka taro mini ruwanta mu ji abin da zai ce.